Yadda Ake Ɗaure Mahaɗar Silab ɗin Kankare da Zaren Kabon, Mataki-Mataki

Tun bayan da muka kammala gyaran wani bene a wajajen unguwar Madina da ke Accra, a Ghana, inda tayil ɗin falon sama ya tsage a miƙe tun daga bakin ƙofa har zuwa gindin taga, magina da 'yan kwangila daga Nima, Ashaiman da Sabon Zongo suke ta yi mini tambaya ɗaya: baƙin ƙyallen nan da muka manna a kan dekin mene ne, kuma yaya ake aikinsa? Na amsa wa wasu a waya, wasu a bakin masallaci bayan Juma'a, amma amsar tsaye ba ta ɗaukar wannan magana, domin wanda ya tsallake mataki ɗaya ya yi asarar kuɗin kayan gaba ɗaya. Shi ya sa na jera matakan a nan yadda muke bin su.

Silab ɗin da nake nufi su ne fallayen kankare da ake zubawa a masana'anta, a kawo su a mota, kiren ya jera su a kan bim (dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), waɗanda galibi faɗin kowane ɗaya mita 1.2 ne kuma akwai ramuka dogaye a cikinsu. Kowane falle da ƙarfinsa yake zuwa. Inda ake samun rauni shi ne ɗinkin da ke tsakanin falle da falle, da kuma inda kawunansu suka haɗu a kan bim. Baƙin ƙyallen nan na zaren kabon ne, wanda idan aka jiƙa shi da gam ɗin ifoksi ya bushe, yana jure jan da ya ninka na rodi sau biyar zuwa sama, ba shi da nauyi, kuma ba ya tsatsa, abin da duk mai gini a Teshie, Nungua ko Tema, inda iskar teku ke cin ƙarfe, ya san darajarsa. Sai dai duk wannan ƙarfi ta fatar kankaren yake bi ya shiga ginin, don haka mafi yawan abin da zan faɗa a kan shirya wurin ne kafin a taɓa ƙyallen.

1. A fara sanin irin mahaɗar

Mahaɗa iri uku ake samu a dekin ɗin silab. Akwai ta tsawo, wadda ke tsakanin fallaye biyu da ke kwance gefe da gefe. Akwai ta kan bim, inda kan wannan falle ya fuskanci kan wancan. Sannan akwai wadda aka bari da gangan domin gini ya sami wurin miƙewa da tsukewa idan zafi ya tashi ko ya sauka. Biyun farko su ake ɗaurewa.

Gargaɗi: kada a taɓa manna kabon a kan mahaɗa ta uku. Wanda ya ɗaure ta ya hana ginin numfashi, kuma tsagar da ya toshe za ta ɓullo a wani wurin da bai zaɓa ba.

A nan ne kuma za a kira injiniyan gini mai rajista ya duba, ya faɗi faɗin ƙyallen, tsawonsa, tazarar da ke tsakani da adadin shimfiɗa. Na san wasu iyayen gida suna ganin kuɗin injiniya ɓarna ne tunda ga magini mai shekara talatin yana aiki, amma akwai lissafi ɗaya da ido ba ya yi: ƙa'idar ACI 440.2R ta Amurka, wadda akasarin masu sayar da kayan suke dogara da ita, ta shar'anta cewa dole ginin ya iya riƙe nauyin kansa da babban kaso na kayan da ke kansa ko da kabon ɗin ya ɓalle gaba ɗaya, misali a gobara. Idan silab ɗin bai zauna sosai a kan bim ba, ko rodin cikinsa ya ci tsatsa, wannan aikin ba maganinsa ba ne. Haka kuma ɗaure mahaɗar kan bim ta sama yana canza yadda nauyi ke bin fallayen, kuma irin waɗannan silab yawanci ba su da rodi a samansu, saboda haka ba wuri ne na gwaji ba.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Kabon na gini yana zuwa ne a siffa uku: ƙyalle mai laushi a naɗe, ziri mai tauri mai kaurin milimita 1.2 ko 1.4, da kuma sanda mai kama da rodi. Don mahaɗar silab, ƙyalle mai zare a miƙe ta fuska ɗaya, mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, shi aka fi amfani da shi, kuma shi zan fi bayani a kai. Tare da shi ana bukatar ifoksin jiƙa ƙyalle, ifoksi mai kauri na cike rami, kwaɓin siminti marar tsukewa na cika mahaɗa, giranda mai faifan daimon, injin zuƙe ƙura, sikeli na lantarki, dirilin gauraya, rola mai tsaga-tsaga, almakashi mai kaifi, igiyar alli, busasshen yashi mai tsabta, safar hannu ta roba, tabarau da takunkumin hanci.

Kayan daga waje ake shigo da su ta tashar Tema, da dala ake sa musu farashi, don haka kuɗinsu a sidin Ghana yana bin canji, kuma farashin da aka ba mutum watan jiya ba lallai ya same shi yau ba. Abin da ba ya canzawa shi ne yadda ake lissafin adadi. A ɗauki ɗaki mai silab shida, kowane tsawon mita 6: mahaɗa biyar ke nan. A ce injiniya ya ce a sa yanki mai faɗin santimita 30 da tsawon santimita 60 a kowace tazarar santimita 60, to kowace mahaɗa za ta ci yanki 10, duka 50, wato mita 30 na naɗin ƙyalle, ko murabba'in mita 9. A ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na yanke-yanke. Ifoksin jiƙawa yakan ci kilo 1 zuwa 1.5 a kowane murabba'in mita gwargwadon kaushin kankaren, don haka a tanadi kusan kilo 15. Wannan misali ne na lissafi kawai, ba awon da za a kwafa a kai wani gini ba. A cikin kuɗin kuma kada a manta da hayar janareta, ladan masu gurza, da kuɗin gwaji, domin su ne ɗan kwangila kan manta har sai ya ga ribarsa ta tafi.

Gargaɗi: a sayi ƙyalle da ifoksi daga kamfani ɗaya, tare da takardar bayaninsu, a kuma duba ranar lalacewar gam ɗin a jikin gwangwani. Saƙaƙƙen kabon mai sheƙi da ake yi wa motoci ado da shi ba na gini ba ne, haka ma gam ɗin da ake liƙe tankin ruwa da kwalekwale. Akwai kuma zaren gilashi da ake rina shi baƙi a sayar da sunan kabon. Gane shi ba wuya: kabon na gaske yana wuce da wutar lantarki, don haka a ɗora bakin mitar mai gyaran wuta a kan zaren, idan mitar ba ta motsa ba, a mayar wa mai shi kayansa.

3. Gwada kankaren

Kankaren da za a manna wa kabon, har da duk wani sabon faci da aka yi masa, ya kamata ya cika kwana 28 sai dai idan takardar kayan ta ba da wani adadin. Ƙarfin matsinsa kada ya gaza megafaskal 17 (megafaskal shi ne ma'aunin ƙarfin kankare), wanda silab ɗin masana'anta yakan wuce da nisa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarfin fatarsa: ana manna wani ƙaramin faifan ƙarfe mai faɗin santimita 5, a ja shi da na'ura har ya ɓalle, kuma dole ya kai megafaskal 1.4 kafin ya ɓalle, ya kuma taso da naman kankare a jikinsa. Ɗakunan gwajin kayan gini a Accra suna wannan aiki, 'yan'uwa na Kumasi kuma suna da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI a Fumesua da jami'ar KNUST kusa da su da za su tuntuɓa.

Sai danshi. Ifoksi ba ya shiri da jiƙaƙƙen kankare, kuma yawancin kamfanoni suna so danshin ya kasance ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Wanda ba shi da mitar awo ya yanki leda santimita 45 kowane gefe, ya manne gefunanta da salatif a kan dekin, ya bar ta awa 16. Idan ya ɗaga ya ga gumi a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, ya dakata. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin babbar damina, dekin da ba shi da rufi da wuya ya ci wannan jarrabawa.

4. Cika mahaɗar kafin komai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya jawo tsagar gidan Madina. Da muka ɗaga tayil muka fasa shafen da ke ƙasansa, sai muka tarar da cikin mahaɗar cike da buhun siminti da aka cusa don kada kwaɓi ya zube, da guntayen bulo, har da ledar ruwan sha, sannan aka shafa ɗan siminti kamar kaurin yatsa a sama aka rufe. Kowane falle yana lanƙwasa shi kaɗai idan an taka shi, na kusa da shi yana tsaye, tayil kuwa ba ya jure wannan.

Aikin da ke hana falle ɗaya nutsewa ya bar ɗan'uwansa, kwaɓin da ke cikin mahaɗar ne yake yin sa. Kabon yana hana mahaɗar buɗewa ne kawai, domin kwaɓin ya ci gaba da cizon gefunan biyu. Don haka a kwashe duk wata shara da cizal da burushin ƙarfe, a hure da iska, a toshe ƙasa da katako ko soso, a jiƙa gefunan ba tare da ruwa ya kwanta ba, sannan a zuba kwaɓi marar tsukewa a caccake shi da siririn rodi har ya cika. A yi masa ban-ruwa yadda takardarsa ta ce, a bar shi ya bushe sarai. Duk tsagar da faɗinta ya wuce milimita 0.3 a jikin silab, a ɗura mata ifoksi.

Gargaɗi: idan silab ɗin ya riga ya sunkuya, a sa tokara a ƙasa kuma a kwashe kayan da ke kansa kafin a fara. Kabon ba ya ɗaukar nauyin da ya tarar a wurin, sai wanda aka ɗora bayan ya bushe.

5. Gurza da daidaita fuska

A buga layi da igiyar alli a fitar da wurin kowane yanki, a ƙara santimita 5 kowane gefe. A gurje da faifan daimon har madarar siminti ta sama ta tafi, ƙwayar tsakuwa ta fara leƙowa, wurin ya yi kaushi kamar takardar yashi mai gauri. Fenti, mai, filasta da farar ƙasa duk sai sun fita. Bayan haka a zuƙe ƙurar da inji. Tsintsiya tana mayar da ita cikin ƙofofin kankaren ne kawai. Ni nakan shafa tafin hannu a wurin, idan ya taso da fari na ce a sake.

Silab ɗin da aka ɗame wayoyin ƙarfen cikinsa a masana'anta yakan zo da ɗan doro a tsakiya, kuma doron falle biyu ba ya zama ɗaya, shi ya sa ake samun tudu a bakin mahaɗa, wani lokaci kamar kaurin fensir. Idan ƙyalle ya hau irin wannan tudu, da zarar an ja shi zai nemi miƙewa, ya ɗago daga lungun ya ɓare kamar ɓawon ayaba. A gurje bakin da ya fi tsawo, a cike mai kwari da ifoksi mai kauri, a yi gangara mai sauƙi, ta yadda bambancin da zai rage bai wuce milimita 1 ba. Inda ƙyallen zai zagaya kusurwa kuma, a kashe kaifinta ta zama lanƙwasar da'irar da rabin faɗinta ya kai aƙalla milimita 13.

Gargaɗi: wayoyin da ke riƙe silab suna kusa da fatar ƙasa, kuma a ɗame suke. Mai aiki ta ƙasan dekin kada ya nutsa giranda, domin yanke waya ɗaya ya fi duk abin da kabon zai ƙara. Idan kuma an ci karo da ƙarfe a fili, a rufe shi da ifoksi mai kauri. Kabon da ƙarfe idan suka haɗu da danshi, ƙarfen ne ke saurin tsatsa.

6. Yanka ƙyallen

A shimfiɗa naɗin a kan tebur mai tsabta a inuwa, a yanka duk yankunan kafin a buɗe gam, a naɗe kowane ɗaya a hankali. Kada a ninke shi, domin zaren yana karyewa a wurin ninki ko da ido bai gani ba.

Gargaɗi: zaren ya ratsa mahaɗar, ya tsallaka daga wannan falle zuwa wancan. Na taɓa zuwa wani aiki na tarar an shimfiɗa ƙyalle mita shida a kan tsawon mahaɗa, zaren yana bin tsagar, an yi aiki mai kyan gani wanda bai riƙe komai ba, tamkar tela ya yi ɗinki a gefen yaga. Idan injiniya yana so dekin ya jure girgizar da ke zame falle gaba da baya, zai ce a gicciye yankuna biyu a karkace, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a Accra, garin da girgizar ƙasa ta yi wa ɓarna a 1939. Karkacewar da ta wuce digiri 5 daga abin da aka zana tana rage ƙarfi. A kuma nisantar da burbushin zaren daga soket, janareta da giranda, tunda yana haɗa wuta.

7. Gauraya ifoksi

Ifoksi gwangwani biyu ne, kuma da sikeli ake auna su bisa adadin da ke jikin takarda, ba da gwangwanin madara ba. A gauraya da dirili a hankali kamar minti uku har launin ya zama ɗaya, a kankare gefen bokiti da gindinsa. Kada a ƙara tina, fetur ko kananzir don ya yi ruwa.

Zafin garin nan shi ne abokin gabar wannan mataki. Gam ɗin da zai ba mutum awa guda a ƙasar sanyi, a digiri 35 yakan ba shi kusan rabin awa, kuma idan yana tare a cikin bokiti yana ƙara wa kansa zafi. Wani yaron aikinmu ya taɓa haɗa kilo biyar a tashi ɗaya da azahar, ya ajiye ya je ɗauko rola. Kafin ya gama yanki uku bokitin ya fara hayaƙi, sandar gaurayawa ta tsaya cak a ciki, kuma har yau tana nan a shagonmu ina nuna wa sababbin yara. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, a juye a faranti mai faɗi, gwangwanayen kuma su kwana a ɗaki mai sanyi.

Lokacin da na fi so shi ne bayan la'asar. Da safe kankare yana ɗumama, iskar da ke cikin ƙofofinsa tana fitowa ta hura ƙwai a ƙarƙashin gam; da yamma yana hucewa, yana zuƙar gam ɗin ciki. Amma a tuna rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, raɓa kuma tana biyo baya, kuma ƙa'ida ita ce zafin kankaren ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3. A kafa tamfol a sama tun kafin a fara. A lokacin hunturu danshi ba ya damun mutum, sai ƙura, don haka a kewaye wurin.

8. Mannawa

A shafa ifoksi a wurin da aka gurje da rola ko burushi, a cika shi sosai. Tun yana ɗanye a ɗora ƙyallen daga gefe ɗaya, a miƙe shi da hannu, sannan a bi shi da rola mai tsaga-tsaga daga tsakiya zuwa baki, kullum ta inda zaren ya nufa, har gam ɗin ya ɓullo ta tsakanin zaren ya yi sheƙi ko'ina. Wurin da ya rage a dushe bai sha ba. A ƙara shafe na biyu a sama. Idan za a yi ƙari a tsawo, yanki ya hau ɗan'uwansa da santimita 10 zuwa 15 ko abin da takarda ta ce. Idan shimfiɗa biyu ce, a ɗora ta biyu tun ta farko ba ta bushe ba. A ƙarshe a watsa busasshen yashi a kan shafen sama tun yana danƙo, domin siminti ko filasta ba sa kama ifoksi mai santsi.

Gargaɗi: ifoksi yana ƙona fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya sake iya aikin. Safar hannu da tabarau dole ne, musamman ga mai aiki ta ƙasan dekin.

Idan sanda aka zana, ana yanka kwari ne a saman silab ya ratsa mahaɗar, mai faɗi da zurfin aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurin sandar, a cika rabinsa da ifoksi mai kauri, a danna sandar, a cike a shafe. Naman da ke saman ramukan silab siriri ne, don haka zurfin yankan sai da izinin injiniya. Sandar kabon kuma ba a lanƙwasa ta a wurin aiki kamar rodi. Karyewa take yi.

9. Bushewa da dubawa

A killace wurin, kada a taka ko ruwa ya taɓa shi na aƙalla awa 24, kada kuma a cire tokara ko a ɗora nauyi sai bayan kwana bakwai. Daga nan a ɗauki ƙaramar guduma ko kwabo a bi kowane yanki ana ƙwanƙwasawa. Inda ya kama yana ba da sauti mai kauri, inda iska ta maƙale yana amsawa kamar an buga ƙwarya. A zagaye irin wuraren da alli. Ƙa'idar ACI da na ambata tana yafe ƙananan da ba su kai murabba'in santimita 13 ba, muddin ba su wuce goma a murabba'in mita ba kuma jimillarsu ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Matsakaita a huda a ɗura musu gam. Wanda ya wuce murabba'in santimita 160 a yanke shi a sa faci mai hawa kan gefuna. A sake gwajin faifan ƙarfe a wani yankin gwaji da aka manna a gefe tun ranar aiki, don kada a huda na ainihi.

10. Rufewa

Hasken rana yana cin ifoksi, zafi kuma yana tausasa shi: yawancin irin da ake amfani da su a gini suna fara saki ne tsakanin digiri 60 da 80, abin da gobara ke wucewa cikin mintuna, baƙin ƙyalle a rufin da rana ke duka kuma yana iya kusantarsa. A sama, shafen siminti na santimita 5 ko fiye yana kare shi. A ƙasan dekin a yi filasta mai kauri, a shago, kicin ko ma'ajiyar kaya kuma a tambayi injiniya irin rufin da ke jure wuta.

Kafin a rufe, a ɗauki hoton kowace mahaɗa da tef ɗin awo a gefenta, a zana taswirar inda yankunan suke, a ba maigida kwafi ɗaya ya ajiye tare da takardun gidan. Bayan shekara biyu mai gyaran wuta zai zo ya rataya fanka, ko mai famfo ya nemi hanyar bututu, kuma babu abin da zai nuna musu cewa a ƙarƙashin filastar nan akwai zaren da dirili zai tsinka cikin daƙiƙa kaɗan.